Kwandalolin larura na kamfanonin Jamus: yadda ake gane su, a tara su, a hana su ruɓewa

Tambaya: Na sayi tarkacen tsofaffin kwandalolin Jamus guda arba'in da 'yan kai ta intanet. Da yawansu an rubuta musu KLEINGELDERSATZMARKE da sunan wani kamfani, babu shekara, wasu masu kusurwa takwas ne, wasu kuma sun yi farin gari kamar an barbaɗa musu toka. Kuɗi ne na gaske? Ta ina zan fara idan na kamfanoni zalla nake son tarawa, kuma in wanke su ko in bar su haka?

Amsa: Malam, kafin komai, kada ruwa ya taɓa su. Ka ware masu farin garin nan gefe guda, ka zuba kowane rukuni a busasshen mazubi, batun wanki kuma ka jingine shi tukuna. Yawancin kwandalolin da suka lalace a hannun masu tarawa ba shekara ɗarin da suka yi ce ta cinye su ba, gugar minti biyar ce.

Doguwar kalmar da ka gani kalmomi uku ne aka ɗinke, kamar yadda Jamusawa suka saba. Kleingeld shi ne canji, Ersatz madadi, Marke kuma 'yar shaida. Wato shaidar da ke tsayawa a madadin canji. Wanda ya buga ta da bakinsa yake gaya maka ba kuɗin gwamnati ba ne. An yi ciniki da su, an sayi burodi da miya da su, amma doka ba ta taɓa tilasta wa kowa karɓarsu ba. Ƙarfinsu yana ƙarewa inda aka daina sanin sunan mai su, wani lokaci a ƙofar masana'anta, wani lokaci a bakin gari. Kuɗin larura gaba ɗaya sunansa Notgeld, na ƙarfe kuma Notmünzen. Waɗannan kalmomi biyu da su za ka riƙa bincike.

Ana shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 jama'a suka fara ɓoye zinariya da azurfa a gida, kuma daga 4 ga Agusta babban bankin ƙasar, Reichsbank, ya daina canza takardar kuɗi da zinariya. Takardun larura na farko da masu tarawa ke ambata ma ba na hukuma ba ne, na wani kamfanin giya ne a Bremen, masu kwanan wata 31 ga Yuli 1914. Amma zamanin kwandala bai zo ba sai da yaƙi ya fara laƙume jan ƙarfe da nikel. Tsohuwar kwandalar fenig 10 ta daular Jamus (fenig shi ne ƙaramin kuɗinsu, kamar kwabo), mai faɗin milimita 21 da nauyin giram 4, gaurayen waɗannan ƙarafa biyu ce, kuma masana'antun harsashi ruwa a jallo suke nemansu. Gwamnati ta maye gurbinsu da fenig 5 ta baƙin ƙarfe daga 1915, fenig 10 ta baƙin ƙarfe daga 1916, sannan ta tutiya, wato zinki, daga 1917. Ba su wadatar ba. Wanda ya taɓa karɓar alewa ko ashana a kanti a maimakon canjinsa ya san rabin matsalar. Ɗaya rabin na masana'anta ne mai ma'aikata dubbai da ake biya tsaba a ambulan duk mako, kowa da 'yan fenig a saman ladansa, ga ɗakin cin abinci, ga shagon ma'aikata, duk suna jiran canji. Sai birane da kamfanoni suka sa aka buga musu nasu. Ganiyar abin daga 1916 ce zuwa 1921. Dokar 17 ga Yuli 1922 ta hana fitar da kuɗin larura, ko da yake an ci gaba da buga wasu har 1923, amma kafin nan ma hauhawar farashi ta riga ta kashe fenig, babu abin da take saya.

Masu wannan fage sun raba kwandalolin gida biyu, kuma kowane gida da kundinsa. Na birane da gundumomi da larduna, haɗe da na ƙungiyoyin 'yan kasuwa masu ƙamshin hukuma, da lambar Funck ake kiransu, daga kundin Walter Funck. Na kamfanoni kuwa kundin Wolfgang Hasselmann ne ya keɓe musu, sai na Peter Menzel wanda ya fi kowanne faɗi domin ya haɗa har da duk wata 'yar shaidar ƙarfe tun daga 1840. Akwai tarko a nan: lambobin Menzel suna canzawa daga bugu zuwa bugu. Lamba ɗaya a tsohon bugu da sabo kwandaloli biyu ne daban. Shi ya sa a shafin Numista na masu tara kwandaloli za ka ga an sa Men05 ko Men18 kafin lambar. Kai ma duk lambar da za ka rubuta ka haɗa ta da bugun da ta fito daga ciki, in ba haka ba bayan shekara biyu ba za ka gane rubutunka ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wahalar tara na kamfanoni ita ce raba kwandalar larura ta gaske da 'yan uwanta masu kama da ita. Tun kafin yaƙi, da kuma bayansa, gidajen abinci da mashaya da masana'antun Jamus suna amfani da 'yan shaidun ƙarfe don lissafin cikin gida: mai kai abinci ya karɓa a kanta da su, a ba da su jinginar kwalba, a jefa su a mitar gas. Waɗannan sunansu Wertmarke, Biermarke, Pfandmarke, Gasmarke, kuma suna nan kamar jamfa a Jos. Masu sayarwa a intanet duk Notgeld suke laƙaba musu saboda kalmar tana jawo mai saye. Tunda yawancin na kamfanoni ba su da shekara, abin da dillalai ke rubutawa o.J., dole ka haɗa alamu da kanka.

Alama mafi ƙarfi ita ce ƙarfen. Tagulla da jan ƙarfe da nikel zalla an kwashe su don yaƙi, har ƙararrawar coci-coci aka sauke a 1917, saboda haka kwandalar tagulla mai nauyi galibi ta kafin 1914 ce ko ta bayan 1924. Tutiya da baƙin ƙarfe su ne na 1916 zuwa 1921. Alminiyam ya fi bayyana daga wajen 1920 zuwa 1923. Ta biyu ita ce kalmar da ke jiki: Kleingeldersatz, Kriegsgeld, Notgeld, Kriegsnotgeld duk sun ambaci larurar da sunanta. Wertmarke kaɗai ba ta tabbatar da komai, tana iya zama ta larura, tana iya zama ta mashaya. Gut für na nufin tana madadin kaza, kuma idan abin da ya biyo baya kofin giya ne ko lita ɗaya ta madara, shaidar kaya ce. Ta uku ita ce sunan kuɗin: Pfennig, ko Pf., ko Pfg. shi ne na zamanin da muke magana a kai, Mark ɗari ko dubu na 1922 da 1923 ne, Rpf. bayan 1924, Dpf. ko DM bayan 1948. Sai rubutu. Gyaran ƙa'idar rubutun Jamusanci na 1901 ya cire h daga kalmomi irin su Werth, don haka WERTH-MARKE tana nuna tsohon hatimi, ko da yake masu bugawa sun ci gaba da amfani da tsofaffin hatimai shekaru bayan nan, kada ka rataya hukunci a kanta ita kaɗai. G.m.b.H., wani nau'in kamfani, ba ta wanzu ba kafin 1892. Cassel da Coblenz da C ake rubuta su har 1926. Idan alamu uku suka haɗu a wuri ɗaya, ka samu. Idan suka saɓa, ka rubuta ta cikin masu jiran hukunci, ba laifi ba ne.

Akwai rukuni na uku da zai faɗo maka: kuɗin fursunonin yaƙi. Ma'adinai da masana'antu da yawa sun yi aiki da fursunoni, kuma da kwandaloli na musamman ake biyansu don kada wanda ya gudu ya sami abin kashewa a waje. Za ka ga Kriegsgefangenen ko Gefangenenlager a jiki. Kamfani ne ya fitar, amma dalilin tsaro ne, ba ƙarancin canji ba. Wasu masu tarawa suna haɗawa, wasu suna warewa. A ganina a ware su a tire daban ya fi, domin tarihinsu daban ne.

Kamfanonin ba da kansu suka buga ba. Masana'antun buga lambobin yabo da maɓallai ne suka karɓi kwangilar: L. Chr. Lauer da C. Balmberger a Nürnberg, Mayer & Wilhelm a Stuttgart, B. H. Mayer a Pforzheim, Kugel & Fink a Lüdenscheid. Don sauri da arha suna da hatimin baya guda da suke yi wa ɗaruruwan masu oda amfani da shi. Shi ne wanda ka gani: KLEINGELDERSATZMARKE a zagaye, da'ira mai kama da tufkar igiya, adadi a tsakiya, taurari uku a ƙasa. Wannan fuska ba ta gaya maka komai game da mai kwandalar. Ɗaya fuskar ce ke da labari. Kusurwa takwas kuwa, da masu kusurwa huɗu da masu huda a tsakiya, an yi su ne don hannu ya bambanta su da kuɗin gwamnati tun a aljihu.

Karanta fuskar gaba yana buƙatar 'yan kalmomi. A.G. da G.m.b.H. nau'in kamfani ne; Gebr. 'yan uwa maza masu kamfani tare, vorm. sunan da kamfanin ke da shi a da, Nachf. magaji, Wwe. matar mamaci da ta ci gaba da sana'ar. Zeche da Grube ramin haƙar ma'adinai, Hütte wurin narka ƙarfe, Spinnerei masana'antar kaɗi, Weberei masaƙa, Werft wurin ƙera jiragen ruwa, Pulverfabrik masana'antar albarushi, Konsumverein shagon haɗin gwiwa, Kantine ɗakin cin abincin ma'aikata. Gewerkschaft a ƙamus ƙungiyar ƙwadago ce, amma a jikin kwandalar ma'adinai wani nau'in kamfanin haƙa ne, kada ta ruɗe ka.

Sunan gari shi ya fi ɓatar da mutane, saboda kundaye bisa haruffan sunan gari aka jera su, kuma da sunan da garin ke da shi a lokacin. Garuruwa masu suna Neustadt suna da yawa, Frankfurt biyu ce, Mülheim akwai ta Ruhr akwai ta bakin Rhein. 'Yan haruffan da ke bin sunan su ke raba gardama: i. Sa. a Sachsen, i. W. a Westfalen, i. Schl. a Schlesien, O.-S. Schlesien ta sama, i. Els. a Elsass, a. Rh. bakin kogin Rhein. Sannan taswira ta canza sau biyu. Breslau yau Wrocław ce, Kattowitz Katowice, Stettin Szczecin, duk a Poland, Königsberg ta zama Kaliningrad a Rasha, Mülhausen i. Els. ita ce Mulhouse a Faransa; Elberfeld da Barmen sun haɗe a 1929 suka zama abin da ake kira Wuppertal. Wanda ya nemi Wrocław a kundin Menzel zai yini bai gani ba.

Idan sunan kamfani ne kawai babu gari, ko haruffa biyu kacal aka dalla a kan kwandalar gama-gari, Jamusawa na kiranta bebiyar shaida. Hanyar sa ta magana ita ce tsofaffin littattafan adireshi na birane, Adressbuch, waɗanda aka ɗora da yawansu a intanet kyauta, da kuma jaridar gwamnati Deutscher Reichsanzeiger da ɗakin karatun Jami'ar Mannheim ya ɗora, wadda ke buga rajistar kamfanoni. A nan za ka ga ranar da kamfani ya zama A.G. ko ya canza suna, kuma wannan kaɗai kan ba ka shekarun da kwandalar ba za ta wuce tsakaninsu ba. Masu haruffa biyu kuwa neman allura ne cikin ruwa. Kada ka biya su da tsada don dillali ya ce na kamfani kaza ne, sai ya nuna inda ya samo.

Kayan aiki huɗu sun ishe ka: sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, ma'aunin kauri mai baki biyu irin na masu juya ƙarfe, wanda ake so na roba don kada ya karce, gilashin ƙara girma ninki 10, da ɗan maganaɗisu da ka naɗe a ƙyalle. Baƙin ƙarfe yana manne wa maganaɗisu, tutiya ba ta mannewa. Wannan gwaji ya zama dole domin ido yana yaudara: akwai baƙin ƙarfe da aka shafe da tutiya, verzinkt, akwai tutiya da aka shafe da nikel, vernickelt, ko da tagulla, vermessingt. Alminiyam hannu ma ya san shi, nauyinsa giram 2.7 ne a kowane curi mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, na tutiya 7.1, na baƙin ƙarfe 7.9. Mai kusurwa takwas daga gefe zuwa gefe ake auna ta, ba daga tsini zuwa tsini ba. Ka duba baki, sumul ne ko mai zara-zara. Ka juya ta ka ga bayan ya tsaya daidai ko ya kifa. A kundaye ƙarfe daban ko bambancin milimita ɗaya lamba ce daban, kuma sau da yawa farashi daban. Huda ma iri biyu ce: wadda aka buga tare da kwandalar, rubutu ya kauce mata, da wadda aka yi daga baya don soke ta, wadda ke cin haruffa.

Yanzu farin garin. Tutiya a iska takan yi wa kanta fata mai ruwan toka, kuma wannan fata ita ce garkuwarta, ba datti ba ce. Amma inda laima ta kwanta mata babu iska, musamman idan da gishirin gumin yatsa, sai ta koma farin gari mai kumbura. Garin nan jikin kwandalar ne da ya riga ya narke. Ƙarƙashinsa rami ne, kuma cire shi ba ya dawo da harafin da ya tafi. Dillalai na kiransa Zinkpest, annobar tutiya. Ainihin abin da ke da wannan suna ya fi muni, shi ne idan tutiyar tana da gurɓin dalma a ciki, ta riƙa kumbura tana tsagewa daga ciki, kuma ba shi da magani. Ba ya yaɗuwa kamar cuta, sai dai garin yana riƙe laima da gishiri, shi ya sa na ce ka raba su.

Abin da ke wanke tukunya a gida shi ne ajalin tutiya. Lemun tsami, tsamiya, ruwan kal da lemon kwalba duk masu tsami ne, suna narkar da ita nan take, ta fito fes na kwana biyu sannan ta yi fari fiye da da. Toka da kanwa da soda kishiyar tsami ne, amma tutiya da alminiyam kowane ɓangare yana cinsu. Man goge ƙarfe da soson ƙarfe suna kankare garkuwar, su bar zane-zanen da duk mai gilashi zai gani, dillalai su rubuta gereinigt su rage farashi. Man gyaɗa da man zaitun suna ɓaci su koma tsami su haɗu da tutiya su yi danƙo. Garin neman gira kada a rasa ido.

Abin da ya halatta kaɗan ne. Ka fara da busasshen buroshi mai laushi irin na masu zane. Sannan asetom zalla, na shagon kayan gwaje-gwaje ko na fenti, ba na goge farce ba domin wannan yana da mai da turare. Ka zuba a kwalbar gilashi mai murfi, ka tsoma kwandala ɗaya minti 5 zuwa 10, a wuri mai iska nesa da wuta, ka ɗauraye da sabon asetom, ka bar ta ta bushe a kan takarda. Asetom ba ya taɓa ƙarfe, maiƙo da danƙon salatif da na leda kawai yake cirewa. Idan garin ya yi tudu, ka ɗiga masa farin man paraffin na kantin magani ya kwana, ka tura shi a hankali da tsinken sakace ƙarƙashin gilashi, ka tsaya da zarar ka kai fata mai ruwan toka, sannan ka cire man da fetur mai tsabta na goge fenti, ka bi da asetom. Bayan ta bushe sarai, ka shafa mata siririn kakin adana kayan tarihi, irin Renaissance Wax, ka goge da ƙyalle mai laushi. Masu shafen nikel ko tagulla da suka yi ƙuraje kada ka taɓa ƙurajen: ruɓar a ƙarƙashin shafen take, kana tsokana fatar za ta ɓare. Na baƙin ƙarfe masu jar tsatsa haka nan, mai da tsinke, ba ruwa. Ka gwada hannunka a kan mafi muni cikin arba'in ɗin kafin ka kusanci mai kyau. Wadda ba ta da gari ko tsatsa kuwa, ko da ta yi duhu, ka ƙyale ta.

Ajiya ta fi wanki muhimmanci, kuma a nan yanayinmu ya shigo. Lokacin hunturu iska a bushe take, ƙura ce kawai abin tsoro. Damina ce ke kashe su, balle ga wanda ke zaune a kudu kusa da teku. Ana so laimar cikin mazubi ta tsaya ƙasa da kashi 40 cikin 100. Ka sami robar abinci mai murfin da ke da zoben roba, wadda aka sa wa alamar PP ko lamba 5 a gindi, ka sa ƙwayoyin silika masu shan laima, irin masu canza launi, kimanin giram 20 ga kowace lita ta faɗin mazubin, wato giram 100 ga robar lita 5, da ɗan ma'aunin laima a ciki. Idan launin ya juya, ka gasa silikar a tanda a zafin da bai wuce digiri 120 ba na awa biyu, ta huce a rufe, ka mayar. Kowace kwandala ɗakinta daban, domin tagulla da tutiya idan suka jingina da juna cikin laima sun zama batir, kuma tutiya ce ke biyan kuɗin. Ledar albam mai laushi mai warin sabuwar roba galibi PVC ce, lamba 3, tana zubar da maiƙo da tsami. Ka guje ta. Idan kana shakka, ka ƙona wayar jan ƙarfe ta yi ja, ka taɓa ledar, ka mayar cikin harshen wuta: idan ya yi kore, PVC ce. Kwalin kwandala mai tagar leda wanda ke manne kansa ya fi mai bugun sitefula, domin ƙarfen sitefula yana tsatsa yana karce maƙwabciya. Akwatin katako, musamman sabo ko mai gam, yana fitar da tururi mai tsami. A riƙe kwandala ta baki, da safar hannu ta nitiril.

Kana zurfafawa za ka haɗu da waɗanda ba ƙarfe zalla ba ne, kuma dokokin sama ba duka ke hawa kansu ba. Wajen 1920 kamfanoni sun riƙa rufe kan sarki na gidan waya cikin 'yar gwangwani mai tagar seluloyid, wata irin roba mai haske, tallarsu a baya, ana kashewa a matsayin canji, sunansa Kapselgeld. Asetom yana narkar da seluloyid cikin daƙiƙa, kada ya kusance shi, kuma seluloyid idan ya tsufa yana fitar da tururi mai cin ƙarfe, don haka ba a rufe shi a roba ɗaya da tutiya. Ka duba lanƙwasar bakin gwangwanin: idan ta yi kumbure-kumbure, an buɗe an canza kan sarkin. Kamfanin C. Conradty na Röthenbach kusa da Nürnberg, mai ƙera sandunan kabon na lantarki, ya yi kwandaloli da matsattsen kabon a 1922, na Mark 100 da 500 da 1000. Faɗuwa ɗaya a siminti ta gama da su. Masana'antar tangaran ta Meissen, mai alamar takubba biyu a giciye, ta yi kwandaloli farare da masu launin ƙasa daga 1920, kuma kamfanoni da ƙungiyoyi sun yi oda, amma yawancinsu na tara gudummawa ne da na tunawa, ba su zaga kasuwa ba. A ƙarshen 1923, shekarar da dala ɗaya ta kai Mark tiriliyan 4.2, 'yan kasuwar Hamburg suka kafa Hamburgische Bank von 1923, wanda ya fitar da kwandalolin alminiyam na 1/100 da 5/100 da 1/10 masu suna Verrechnungsmarke, an jingina su da Mark ta zinariya. Suna da yawa, suna da arha, kuma sun cancanci gurbi a tiren mai tara na 'yan kasuwa. Fenig 20 masu kusurwa takwas na jirgin cikin gari na Nürnberg da Fürth, masu zane 45 daban-daban, suna da kyau ƙwarai, sai dai kamfanin na birni ne. Kai za ka yanke ko sun shiga iyakarka.

Jabu ba shi ne babban ciwon kai ba, domin kwandalar yuro uku ba ta biyan wahalar mai jabu. Abin lura shi ne bugun baya. Tun a shekarun 1920 tara Notgeld ya zama yayi, kuma an sake buga wasu da ainihin hatimansu don masu tarawa, har a ƙarafan da ba a taɓa kashewa ba. Kalmomin su ne Nachprägung, Neuprägung da Abschlag. Kwandalar kamfani ta azurfa ko jan ƙarfe mai sheƙi ba ta taɓa shiga ambulan ɗin lebura ba. Wadda aka zuba a maƙera kuwa tana da ɗinki a baki, haruffa masu laushi, da ƙananan ramuka masu zagaye, saɓanin ramin ruɓa da ba shi da siffa.

Wajen saye, darajojin Jamusawa daga ƙasa su ne s, ss, vz, sai st ko unz ga wadda ba ta zaga ba. A tutiya ss mai lafiyayyar fata ta fi vz mai ɗigon fari, domin ɗigon yana girma. Korrodiert da Rost ruɓa da tsatsa ne. Zaponiert na nufin wani tsohon mai tarawa ya shafa mata fenti mai haske, wanda asetom ke cirewa, kuma sau da yawa shi ne ya cece ta. A MA-Shops da eBay da Delcampe ake samunsu. Ka nemi hoton fuska biyu, da faɗi da nauyi. Daga nan gida kuɗin aikowa mai rajista, Einschreiben, yakan fi kuɗin kwandalar, saboda haka ka tara oda a wurin dillali ɗaya, ko ka nemi tarkace da kalmar Lot ko Konvolut, ka kuma roƙe shi kada ya manna su a kwali da salatif.

Na kamfanoni dubbai ne, babu wanda ya taɓa kammala su, kuma wanda ya ce duk zai saya tarkace zai tara. Ka zaɓi iyaka tun yanzu. Masu tarawa a Jamus garinsu suke bi, kuma su ke ɗaga farashin ƙananan garuruwa. Na Schlesien da Posen 'yan Poland na takara a kansu, na Elsass Faransawa. Kai da ba ka da garin da kake kishi, bin sana'a ya fi maka riba: masaƙu da masana'antun kaɗi na Sachsen, ko ramukan kwal na Ruhr, ko shagunan haɗin gwiwa. Sana'a ɗaya tana ratsa garuruwa da yawa, idan wani ya yi tsada ka tsallake shi. Cikin kowane kamfani ka nemi cika jerin, domin galibi 5 da 10 da 50 ake bugawa tare, wasu da 1 da 2 da 20. Fenig 10 ce ta fi saurin samuwa, ragowar su ke cin haƙuri.

Game da arba'in ɗinka, ka bi su da maganaɗisu ka raba ƙarafan, ka ba kowace lamba taka, ka rubuta mata kati: rubutun fuska biyu harafi da harafi, gari da sunansa na da da na yanzu, ƙarfe, faɗi, nauyi, siffa, baki, lambar kundi da bugunsa, inda ka saya da nawa, da duk abin da ka shafa mata da ranar. Ka ɗauki hoton kowace a hasken da ke zuwa daga gefe, musamman masu farin gari. Bayan ruwan farko ya sauka da mako biyu ka buɗe robar, ka duba launin silikar, ka gwada ɗigon da hoton. Wadda nata ya faɗaɗa ka fitar da ita, ka maimaita mata asetom da kaki, ka ba ta ƙaramin mazubi nata ita kaɗai da sabuwar silika.